Sifika huɗu a amfilifaya ɗaya? Hattara dai!

Mai gidan kallo a Kwanyawa, ko Ƙaraye da Rogo, burinsa waƙar fim irin ta Sangaya ta kai har bakin titi, 'yan kallo su cika benci. Shi ya sa wasu ke cusa wayoyin sifika huɗu a baki ɗaya. Ganganci ne wallahi! Yawancin sifikun gida om 8 ne. In ka haɗa biyu a baki ɗaya sun koma om 4, huɗu kuwa om 2. Amfilifaya za ta ja wuta fiye da ƙima, ta yi zafi, ta ƙone ana tsakiyar fim, ga kuɗin mutane a aljihunka. In dole ne, jera biyu bi da bi, baƙar wayar wannan ta shiga jar waccan: om 16 ke nan. Ƙara za ta ɗan ragu, amma injin ya huta.