Su wane ne 'yan Dominik, masu wa'azin Katolika da suka fara da bara?

Mazaunin unguwar Briqueterie da ke Yawunde kan iya cin karo da wani malamin Kirista sanye da doguwar farar riga mai hula, da carbi a ɗamara. Wannan shigar 'yan Dominik ce, ƙungiyar cocin Katolika da ake kira Frères prêcheurs da Faransanci, wato 'yan'uwa masu wa'azi. Suna da gida a Yawunde, amma asalinsu ya haura shekaru 800.

Wanda ya kafa ta shi ne Dominik de Guzman, ɗan ƙasar Sifen da aka haifa a garin Kaleruwega wajajen 1170. Yayin wata tafiya a kudancin Faransa, ya tarar jama'a suna barin coci suna bin 'yan ɗarikar Katar. Dalili kuwa a fili yake: malaman Katar na yawo a ƙasa cikin talauci, alhali wakilan Fafaroma na zuwa bisa dawakai da 'yan rakiya.

Dominik ya gane cewa mai ƙoshi ba zai ja hankalin talaka ba. Sai ya tara almajirai a birnin Tuluz a 1215, bisa sharaɗin su rungumi talauci, su ci abinci ta hanyar bara, su duƙufa ga karatu, sannan su fita wa'azi. Fafaroma Honoriyus na Uku ya amince da ƙungiyar ranar 22 ga Disamba 1216.

Wannan ya bambanta su da sufayen da, masu kulle kansu a gidajen ibada suna noma. A 1217 Dominik ya rarraba mabiyansa, wasu suka nufi Paris, cibiyar ilimi ta zamanin. Daga cikinsu ne daga baya aka samu Toma Akwinas, wanda ya nazarci littattafan Ibn Sina da Ibn Rushd.

Ƙungiyar ta iso ƙasar Hausa ma. 'Yan Dominik daga Amurka sun sauka Legas a 1951, kuma a 1953 aka damƙa musu yankin Sakkwato, inda suka zauna a Gusau. Ɗaya daga cikinsu, Edward Lawton, shi ne bishop na farko na Sakkwato a 1964.

Ga wanda ya san tsarin malam da almajiransa, tafiya neman ilimi da dogaro da sadakar jama'a ba baƙon abu ba ne, ko da yake aƙidun sun sha bamban.