Man Shanu da Man Gyaɗa a Ɗakin Gwaji: Yadda Ake Mayar da Maiƙo Metil-esta

A kasuwannin Isa da Sabon Birni, mai saye yakan tantance man shanu ko man gyaɗa da ido da hanci da harshe. Masanin kimiyya kuwa sai ya warware man zuwa sassansa. Kowane ƙwayar maiƙo gilisarol ne guda ɗaya ɗaure da asid-maiƙo uku, kuma irin waɗannan asid da yawansu shi ke bambanta wani mai da wani. Na'urar da ke rarrabe su, wato kuromatogirafin gas, wadda James da Martin suka gabatar a 1952, ba ta karɓar abu sai ya zama tururi. Maiƙo yana da nauyi, ba ya tashi cikin sauƙi. Saboda haka ake cire gilisarol a maye gurbinsa da metanol, a samu metil-esta.

Matakin farko shi ne tsamo man daga samfurin. Hanyar Folch ta 1957 tana amfani da kuloroform kashi 2 da metanol kashi 1.

Daga nan hanya ta rabu biyu. Ta farko ita ce ta alkali: a narka fotasiyam haidaroksaid cikin metanol, a girgiza da man, cikin 'yan mintuna aiki ya kammala ba tare da wuta ba. Sauƙinta ne ke ruɗin ɗalibai. Man da ya daɗe cikin kwalba a zafin bazarar Gobir ya riga ya fara warwarewa, wasu asid ɗinsa sun kuɓuce daga gilisarol. Alkali ba ya mayar da waɗannan esta. Sabulu yake mayar da su, kamar dai yadda ruwan toka ke yi wa mai a tukunyar masu haɗa sabulun gargajiya. Abin da ya zama sabulu ya ɓace wa na'ura, sakamako ya fito da giɓi. Ɗigon ruwa a kwalbar gwaji ma yakan jawo wannan ɓarna.

Hanya ta biyu ta asid ce: salfiyurik ko haidarokulorik cikin metanol, ko boron tirayifulorayid da Morrison da Smith suka yi bayaninsa a 1964. Tana buƙatar zafi da lokaci, amma tana kama ɗaurarren asid da sakakke. Ga tsohon man kasuwa, ita ta fi cancanta. A ƙarshe sai a ɗebe estar da hekzen.

Man shanu na da nasa tarko. Asid butirik, mai ƙwayar kabon 4 kacal, shi ne shaidar cewa mai daga nono ya fito, man gyaɗa ba shi da shi. To amma estarsa na saurin tashi, tana kuma bin ruwan wanki. Mai gwajin da ya busar da hekzen don ya tattara samfurinsa ya kori shaidar da hannunsa, har ya iya rubuta cewa an gauraya man da ba a taɓa ba.