Akuyar Uwargida Ma Tana Bukatar Awo

Mu nan Birketiri a Yawunde, da saniya ta yi sanyi mun gane, amma akuyar da uwargida ta turke a tsakar gida ba mai waiwayarta sai ta kwanta.

To, taɓa kunne ba awo ba ne. A sayi ma'aunin zafi a famasi, a shafa masa basilin, a sa a duburarta minti biyu, da safe kafin rana ta ɗaga. Lafiyayya tana tsakanin digiri 38.5 da 40. In ya haura 40, ga majina, ga kwantsa, gyambo a baki da zawo, a yi zargin annobar awaki da tumaki da likitoci ke kira PPR. A keɓe ta a inuwa da ruwan sha, a kira likitan dabbobi. Taramisin ɗin nan da muke tsira wa kowace dabba ba ya kashe ƙwayar. Rigakafi ne kariya, LANAVET ta Garwa kuwa tana yin allurar.

Wallahi sau da yawa mu ke shigo da cutar, a jikin ragon da muka haɗo da shanu daga Ngaundare. Baƙuwar dabba ta yi mako uku a ware kafin ta shiga cikin na gida.