Zaure da Rana Tsaka: Wace Manhajar HDR Ta Dace da Sabon Shiga?

Tsaya cikin zaure da rana tsaka ka dubi ƙofa. Idonka na ganin tabarmar da ke shimfiɗe a lungu, yana kuma ganin mai talla da ke wucewa a waje. To ɗaga kyamara ka danna. Ko dai zauren ya fito baƙi ƙirin, ko ƙofar ta yi fari fat kamar an watsa nono. Tazarar da ke tsakanin duhun ciki da hasken waje ta fi ƙarfin ɗauka guda, balle idan hoton JPEG ne, wanda matakan haskensa 256 ne kacal a kowane launi.

Dabarar magance wannan ta daɗe. Tun a shekarun 1850 wani Bafaranshe, Gustave Le Gray, kan ɗauki teku daban, sama daban, sannan ya buga su a takarda ɗaya. A 1997 Paul Debevec da Jitendra Malik na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka nuna yadda kwamfuta za ta haɗa hotuna masu bambancin haske da lissafi. Shi ne HDR na yau: ka ɗauki wuri ɗaya sau uku ko fiye, ɗaya da duhu, ɗaya daidai, ɗaya da haske sosai, sai manhaja ta tsinci na kirki daga kowanne.

A nan sabon shiga ke ruɗewa, don manhajojin suna da yawa, kowa kuma nasa yake yabo. A ganina kada yawan madannai ya ja ka. Abin dubawa shi ne me manhajar ke ba ka kafin ka taɓa komai. Idan hoton farko ya yi kama da abin da idonka ya gani, ka samu abokiyar aiki. Idan kuwa sai ka yi ta jan wannan kana sakin wancan kafin ginin laka ya daina kama da roba, to ba taka ba ce tukuna.

Da wannan ma'auni Lightroom na Adobe ke gaba. Tun 2015 yake haɗa hotunan HDR. Ka zaɓi hotunan, ka ba da umarni, ya daidaita su idan hannunka ya ɗan motsa, ya miƙo maka fayil guda na DNG da za ka gyara kamar kowane hoto. Aibinsa kuɗin wata-wata, kuma wanda ke samun naira ya san yadda biyan kuɗin waje ke ci a jika.

Photomatix na kamfanin HDRsoft, wanda ya fito a 2003, shi ne tsohon hannu. Ya ƙware wajen korar fatalwa. Ga abin da nake nufi: kana ɗaukar hotonka uku sai akuya ta ratsa, a hoton ƙarshe sai ka ga akuya uku dishi-dishi, ana hango bango ta cikinsu. A Photomatix kana iya zagaye wurin, ka ce daga hoto kaza za a ɗauko shi. Sai dai yana zuwa da salo iri-iri da aka riga aka shirya, wasunsu masu yaji ƙwarai, kuma nan ne mai koyo ke zamewa. Gajimare ya yi baƙi kamar hayaƙin taya, wani zoben haske ya kewaye hasumiyar masallaci, fuskar mutum ta yi toka-toka. Ranar farko abin burgewa ne. Bayan wata guda kai da kanka za ka goge shi.

Mai neman kyauta akwai Luminance HDR. Tana aiki, amma sunayen hanyoyinta na masana ne, irin su Mantiuk da Reinhard, ba ta kuma yi wa baƙo jagora. Sai mai haƙuri.

Kafin ma ka sauke komai, duba aljihunka. Apple ya sa HDR a iPhone tun 2010, yawancin wayoyin yanzu kuma da kansu suke ɗaukar hotuna da yawa a ƙiftawar ido su haɗa. Kunna shi ka koma zauren nan, ka ɗauka da shi, ka ɗauka babu shi in wayar ta ba da damar kashe shi, ka jera su. Darasin farko ke nan, ko sisi ba ka kashe ba. Kada dai a ruɗe ka da HDR Scape na manhajar Snapseed: hoto ɗaya yake yi wa kwalliya, abin da rana ta riga ta ƙone ba ya dawowa.

Idan ka tashi gwada manhajar kwamfuta, yi da hotunanka, ba na talla ba. Kafa kyamara a kan mai ƙafa uku, ko kan turmi ma idan babu, ka ɗauki RAW in kyamarar na yi. Wasu wuraren kuma HDR ba nasu ba ne sam. Hawan sallah, dawaki na sukuwa, ƙura ta tashi, babu abin da zai tsaya maka har ka danna sau uku. A nan ɗauka guda za ka yi, ka auna hasken da farar rigar mahayi don kada ta ƙone, inuwar ka ɗago ta daga baya a kwamfuta.