Matsin Lantarki: Bita Domin Ɗaliban Sakandare

Gabatarwa

Idan Bahaushe ya ce "ƙarfin wuta", yana iya nufin matsin da ke tura lantarki, yana kuma iya nufin yawan lantarkin da ke kwarara cikin waya. Wannan gamin gambiza kan rikita ɗalibi a jarrabawar Fiziks ta WAEC, har ya yi asarar makin da ya kamata ya samu. Manufar wannan maƙala ita ce rarrabe tsakanin abubuwan biyu.

Ma'anar Matsi

A ɗauki misalin tankin ruwa da aka ɗora bisa hasumiya. Gwargwadon tsawon hasumiyar, gwargwadon ƙarfin da ke tunkuɗa ruwa cikin bututu. Haka batir yake ga da'irar lantarki. Tunkuɗawar ita ce matsi, ana auna ta da bolt. Abin da ke gudana shi ne kwarara, ana auna ta da amfiya. Abin da ke tauye gudun kuwa shi ne turjiya, ma'auninta om.

An samo sunan bolt daga Alessandro Volta, mutumin Italiya, wanda ya ƙera batir na farko a 1800. Batirin tocila bolt 1.5 ne, na mota 12, wutar gida a Nijeriya kuwa kimanin 230.

Dokar Ohm

A 1827 Bajamushe Georg Ohm ya bayyana cewa matsi daidai yake da kwarara sau turjiya, wato V = IR. A ce an haɗa batir mai bolt 12 da turjiya biyu a jere, ɗaya om 2, ɗaya om 4. Jimillarsu 6, saboda haka kwarara amfiya 2 ce. Ta farko za ta ɗauki bolt 4, ta biyu 8. Idan aka tara, 12 ɗin nan ta dawo.

Amma idan aka haɗa su kafaɗa da kafaɗa, kowace za ta sami bolt 12 cif, sai dai kwarara ce za ta rabu: amfiya 6 da amfiya 3.

Kammalawa

Ɗalibi ya riƙe abu biyu. Na farko, a jere matsi ke rabuwa, a kafaɗa da kafaɗa kwarara ke rabuwa. Na biyu, na'urar auna matsi ana rataya ta ne a gefe biyu na abin da ake aunawa, ba a cusa ta cikin jeri. Haƙƙi ne a kanmu masu nazarin Hausa mu daidaita waɗannan kalmomi, domin abin da yaro ya fahimta da harshen uwa ya fi zama daram a ƙwaƙwalwarsa.