Zaman Hausawa a Fatakwal da Anacha da Inugu

Kowa ya san Sabon Garin Kano, inda 'yan kudu suka zauna. Amma ba kasafai ɗaliban Hausa ke waiwayar unguwannin da Hausawa suka kafa a kudu maso gabas ba, waɗanda Ibo ke kira Ama Awusa.

Kowane gari da hanyar da ta kai Bahaushe cikinsa. Anacha kogin Kwara ne ya kai shi, domin fatake Hausawa da Nufawa sun daɗe suna gangarowa daga Lakwaja cikin kwale-kwale. Inugu da Fatakwal kuwa garuruwa ne na zamanin Turawa. An gano kwal kusa da Inugu a 1909, aka kafa Fatakwal a 1912 don fitar da shi, layin dogo ya haɗa su a 1916. Da aka buɗe gadar Makurɗi a 1932, sai jigilar shanu da wake da albasa daga arewa ta ƙara sauƙi. Inda duk aka kafa kara, masallaci da mahauta da masu masauki sukan biyo baya, daga nan a naɗa Sarkin Hausawa.

Abin lura a nan shi ne, ba duk wanda ake kira Bahaushe a can ne Bahaushe ba. Akwai Fulani da Barebari da Nufawa da Buzaye, harshen ne ya ɗinke su. Malam Umaru Altine, magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950, Bafulatani ne ɗan ƙasar Sakkwato, kuma da kasuwancin shanu ya fara kafin ya shiga jam'iyyar NCNC.

Zaman bai rasa tsami ba. Rikicin 1966 da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 sun watse unguwannin, sai bayan yaƙi aka sake taruwa. A Fabrairun 2006 ma an kashe 'yan arewa a Anacha, a matsayin ramuwar kashe-kashen Maiduguri.

A ganina, fannin da ya fi buƙatar nazarinmu shi ne aron kalmomi. Shinkafa ta zama osikapa a bakin Ibo, albasa ta koma yabasi, goro kuma gworo, wanda suke bambantawa da nasu na gargajiya da ake fasawa a gaban baƙo.