Gareji Ba Mafakar Wanda Boko Ya Ƙi Ba Ne

Tun da Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya ƙaddamar da sabon shirin koyar da sana'o'i a watan Mayun 2025, hirar majalisa ba ta wuce ta alawus ɗin Naira 22,500 da aka ce za a riƙa ba ɗalibi duk wata. Sai kuma tsohuwar maganar da iyaye ba sa gajiya da ita: "Tunda kansa ba ya ja, a kai shi gareji."

Wannan maganar ta fi komai cutar da yaran. Mai haɗa wutar gida dole ya san nauyin da waya za ta ɗauka kafin ta yi zafi ta kama. Tela yana raba inci gida takwas da ka, almakashi na hannunsa. Bakaniken yau kuwa na'ura yake jona wa mota, ta fito masa da matsalar cikin lambobi da Turanci. Yaron da ya gama sakandare bai iya karanta tef ɗin awo ba, a shagon ma kurar baya zai zama.

Ko mai ƙoƙarin ma yana shan wuya. A aji, wanda ya ci hamsin cikin ɗari ya haye. A shagon kafinta, ƙofar da ta ƙi shiga gurbinta katako ne aka yi asara, ga mai ita tsaye yana jira. Shekara goma sha biyu yaro yana kwafe allo yana mayar wa malami, rana ɗaya a ce hannunsa ne zai ba da amsa. Kamar wanda ya haddace iyo a tudu ne aka tura shi kogi.

Ga kuma zama ƙarƙashin oga. Mai takardar WAEC zai yi watanni yana shara, yana miƙo sifana, yana sayo wa manya abinci, kuma wanda ke aikensa wataƙila ƙanensa ne a haife, ya dai riga shi zuwa. A nan da yawa suke ajiye kayan aiki su koma neman gurbin jami'a.

Hukuma ma da nata laifin. Tsarin 6-3-3-4 na shekarun 1980 an kawo shi ne don yaro ya taɓa zarto da guduma tun yana ƙaramar sakandare, amma injinan da aka sayo da yawansu a akwati suka yi tsatsa, ba wuta, ba malamin da zai kunna su. Hukumar NBTE da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1977, yanzu tana da tsarin ba gwanaye irin na kasuwar Panteka takardar shaidar ƙwarewa, kuma ta yi ƙoƙari. Sai dai uban da ke shirin yanke wa ɗansa hanya yana kallon yadda har gobe ake ajiye mai HND a bayan mai digiri wajen ɗaukar aiki da ƙarin girma.